Irin da Ba Ya Tsira

Ƴan uwana ƴan lakwal, kai, na gaji da yin shiru! Akwai wani wa'azi da ke yawo cikin wayoyinmu, yana kutsawa har majami'u: wai ka kai wa "bawan Allah" kuɗi, ka "shuka iri", sai Allah ya ninka maka, zuriyarka ta yi albarka. Mu fa ƴan Tsarnawa ne, garin albasa. Wa zai koya mana iri? Irin da aka zuba cikin aljihun mutum, ina ya taɓa tsira?

Gwaggona ta sayar da albasarta bara, ta kai rabin kuɗin wurin irin wannan taro. Da aka koma lakwal, ɗanta ya zauna gida don babu kuɗin littattafai. Albarkar zuriyar ke nan?

Ku buɗe Littafi Mai Tsarki da kanku. Zabura 112 ta yi maganar zuriya mai albarka, gaskiya ne. Amma zuriyar wa? Ta mai tsoron Allah, mai ba da rance, mai tafiyar da harkokinsa bisa adalci, mai rarraba wa matalauta. Har ayar shuka da girbi da suke kafa hujja da ita, a 2 Korintiyawa 9, gudummawa ce Bulus ke tarawa domin talakawan Urushalima. Shi kansa ɗinkin tanti ya yi don kada ya zama nauyi ga kowa. Da Siman mai sihiri ya miƙa kuɗi don ya sayi baiwar Allah, a Ayyukan Manzanni 8, Bitrus bai sa masa albarka ba, fatattakarsa ya yi.

To, kada mu tsaya kan masu wa'azi kawai, mu ma da namu laifin. Kowa ya san albasa na faɗuwa warwas lokacin girbi, ta yi tsada bayan ƴan watanni. Wanda ya adana tasa a rudu shi ke dariya daga baya. Amma nawa ne cikinmu ke sayarwa nan take, a sayi waya, a kashe sauran a biki? Yusufu shekara 7 ya yi yana tara hatsi a Masar kafin yunwa ta zo. Mu kuwa mun ga yunwar 2005 a jihar Tahoua, mun ga rufe iyakar Konni a 2023. Me muka ajiye?

Kai kuma mai gona da ke ja wa ɗan ƙwadago rai kan haƙƙinsa, Yakubu 5 da kai take. Kai dillali mai cika buhu har da hula, kana biyan kuɗin buhu guda, Karin Magana 11 ta kira ma'aunin zamba abin ƙyama ga Ubangiji. Ba ka cuci manomi ran kasuwa ka wanke kanka da baiko ran Lahadi ba.

In kuna son ganin irin da ya tsira, ku je Galmi. Tun 1950 mishan ta SIM ta buɗe likita a can, da kyautar mutanen da ba su taɓa ganin ƙasar nan ba. Yawancin masu zuwa neman magani Musulmi ne, ba a tambayar addininsu kafin a duba su. Jarirai da aka haifa can yau sun zama kakanni. Ga zuriya mai albarka da ido ke gani.

Wani zai ce, ashe kar a ba majami'a? A ba ta mana! Fasto na gari ya cancanci abincinsa. Amma a tambaya: kuɗin ina suka tafi? Wace gwauruwa ta ci? Wane maraya aka mayar lakwal? Abokanmu Musulmi, ku ma ku yi wa zakkarku wannan tambaya.

Ni dai na yanke: bana, jikkar da zan bayar, littattafan ɗan gwaggona zan saya da ita.