Wurin tara shara da ba a yi masa lissafi ba, juji ne

Bara, ina zagayen duba ɗalibaina masu gwajin koyarwa, na je wata makarantar firamare a gefen gari. Bayan katangarta akwai fili da aka kewaye da bulo, wai nan masu amalanken jaki za su riƙa zuba shara, mota ta zo ta kwashe zuwa babban juji na bayan gari. Ranar da na je, sharar ta fi katangar tsawo, an cinna mata wuta, hayaƙin leda yana shiga aji. Ɗalibata tana koyar da lissafi, yara suna tari. Na ce a raina, ga lissafi can bayan taga da manya suka kasa yi.

Irin wannan wuri zango ne, shara ta kwana ta wuce. Yana da amfani, domin babbar mota ba ta shiga lungu, jaki kuma ba ya iya kai kaya bayan gari sau biyar a yini. Amma zango yana aiki ne kawai idan abin da ke fita ya kai abin da ke shigowa.

Mu yi lissafin tare. Wani rahoton Bankin Duniya na 2018 ya ƙiyasta cewa a Afirka kudu da Sahara mutum ɗaya yana fitar da kusan rabin kilo na shara a rana. A ce unguwa tana da mutum 20.000. Tan 10 ke nan kullum. Idan mota tana ɗaukar tan 5, sai ta yi sawu biyu kowace rana, har da Juma'a da Lahadi. Ta lalace kwana uku, tan 30 sun taru. Ta dawo ta ci gaba da sawu biyunta, tan 30 ɗin suna nan daram, don sabuwar shara kaɗai take iya kwashewa. Haka dutsen shara yake tsirowa. Saboda haka tun kafin a aza bulo ya kamata a san yawan mutanen unguwa, a bar filin da zai ɗauki sharar kwana biyu ko uku, a tanadi sawu na ƙari domin ranakun Sallar Layya da damina, lokacin da shara ke jiƙewa ta yi nauyi.

Akwai kuma abin da ya shafi garuruwanmu, daga Maradi da Damagaram har Tawa da Yamai. Tsakar gidajenmu ƙasa ce, kowace tsintsiya tana haɗawa da rairayi da toka. Babban kaso na nauyin da mota ke ɗauka rairayi ne, mu kuma muna sayen mai muna kai shi yawo. A sa rariya a bakin wurin, a tace, rairayi ya koma cike ramukan unguwa. Kashin dabbobi da ragowar abinci su zama taki ga masu lambu. A ware rumfa ga masu tsintar ƙarafa da robobi, a ba su safar hannu, domin su ne ke rage mana kaya. Leda ce mai wuyar sha'ani. Tun 2014 Nijar ta kafa dokar hana ledoji marasa kauri, amma ga su nan a kan kowace ƙaya.

Ginin kansa ba ya buƙatar abin mamaki. Daɓen siminti don kada ruwan shara ya nitse zuwa rijiyoyi, rufi saboda ruwan sama, magudana, da tudu wanda amalanke zai hau ya juye kaya kai tsaye cikin mota, a huta da shebur. Ƙofar shiga daban, ta fita daban. Kuma a nisanta shi da makaranta.

Za a ce babu kuɗi. Na yarda aljihun hukumomin gari ba shi da nauyi. Sai dai lissafi ba ya cin ko dala, kuma gina wurin da ba a tanadar masa mota da mai ba asarar siminti ce. Gara ƙaramin zango ɗaya da ake kwashewa kullum da manya biyar da ake ƙonawa.

Ƴan'uwana malamai, ku ɗauki sikeli ku sa yara su auna sharar makaranta na mako ɗaya, su ware rairayi da leda da takarda, su raba da yawansu. Iyaye kuma, idan aka zo da maganar gina irin wannan wuri a unguwarku, ku yi tambaya uku a gaban mai unguwa: tan nawa zai shigo a rana, sawu nawa mota za ta yi, wa zai biya mai. In ba a ba ku amsa da lambobi ba, kada ku yarda a aza bulo kusa da ajin ƴaƴanku.