'Yan uwa mata, mu bi rilaksa a hankali

'Yan Arewa da ke karatu a Kudu: Na san kuɗin salun a Ibadan da Legas ba wasa ba ne, shi ya sa da yawanmu ke shafa rilaksa a ɗaki, ƙawa ta shafa wa ƙawa. A ganina santsin gashi bai kai a saka lafiya a haɗari ba.

Zafin nan da kike ji kina cewa "yana kamawa", wallahi fatar kanki ce ke ƙonewa. Kuma a 2022 binciken hukumar NIH ta Amurka ya gano cewa mata masu shafa man miƙar da gashi fiye da sau huɗu a shekara sun fi fuskantar kansar mahaifa.

In ya zama dole, ki bar aƙalla sati takwas tsakani, ki shafa wa sabon tsiro kaɗai, ki sa basilin a gefen kai, sannan ki wanke da shamfun da ke kashe ƙarfin man.

Ni dai kitso da man kaɗanya sun ishe ni. A ƙarƙashin hijabi ma wa ke ganin santsin?