Sai Miya Ta Ƙare Ake Sanin Maci Tuwo: Raddi Ga Masu Cewa Mdou Moctar Ya Yi Sanyi

Mu 'yan tsirarun marubutan da ke zaune tsakanin Boɗinga da Shagari muna da al'adar haɗuwa lokaci-lokaci, kowa ya karanta abin da ya rubuta, a yi masa gyara, a sha shayi, a watse. A wani zama irin wannan ne wani ƙanenmu ya kunna mana waƙa a wayarsa, ta makaɗin nan na Nijar, Mdou Moctar. Jita ce ta katako ake kaɗawa a hankali, ba lantarki, ba rugugi, sai murya mai kama da ta wanda ya kwana bai yi barci ba. Ba a kai rabinta ba wani daga cikin samarin ya yi tsaki ya ce, "Wanga ai ya mutu. Turawa sun ba shi kuɗɗi ya yi sanyi." Wani dattijo kuma da ke gefe ya ce, "A'a, shiriya ce ta zo mai, ya bar haukan yara." Aka yi dariya aka wuce wurin.

Mu dai ba mu wuce ba. Mun ga duk su biyun sun yi kuskure, kuma kuskurensu iri ɗaya ne: sun ɗauka ƙarfin waƙa a ƙarar sautinta yake. Wannan ra'ayi ya yi wa waƙar Hausa ɓarna mai yawa, shi ya sa muka ga bai kamata mu yi shiru ba.

Bari mu fara da gabatar da mutumin, don mai karatu ya san a kan wa ake gardama. Sunansa na yanka Mahamadou Souleymane, Ba'azbine ne daga arewacin jihar Tawa, kuma bahago ne wajen kiɗa. Iyayensa ba su so ya yi kiɗa ba, don haka jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da guntun katako da wayar birkin keke. Abin da yawancinmu ba su sani ba shi ne, faifansa na farko, Anar, a nan Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da irin na'urar nan mai lanƙwasa murya ta waƙoƙin finafinan Hausa. Ba a sayar da shi a kanti ba, daga waya zuwa waya ya bi Sahara, har wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya ci karo da waƙarsa ya shiga cigiyarsa. Daga nan ya kafa ƙungiya ta mutum huɗu, suka fitar da Ilana a 2019, da Afrique Victime a 2021, da Funeral for Justice a 2024. A faifan nan na ƙarshe jitar lantarki kuka take kamar ana yanka ta, waƙoƙin kuwa a kan Faransa ne da abin da ta yi wa ƙasashenmu, da harshen Tamashek da 'ya'yansa ke yarwa. Saboda wannan zafi ne Turawa ke yawan danganta shi da kiɗan da suke kira punk, wanda mu za mu kira kiɗan bore.

Kiɗan bore ya tashi ne a tsakiyar shekarun 1970 a biranen New York da Landan, a hannun samarin da suka gaji da rashin aiki da ƙaryar manya. Gajerun waƙoƙi ne, da sauri, da ihu, da gangan ake yin su ba daɗi. A 1977 ƙungiyar Sex Pistols ta yi wa Sarauniyar Ingila shaguɓe a shekarar bikin cikarta ashirin da biyar a kan mulki, BBC ta hana sa waƙar. To amma abin lura shi ne, da yawa daga cikin waɗannan samari sun zo sun zauna su kaɗai da jitar katako. Akwai wani Bob Mould na ƙungiyar Hüsker Dü a jihar Minnesota ta Amurka. Da ƙungiyarsu ta watse, sai ya koma wani gidan gona ya keɓe kansa, ya fito a 1989 da faifan Workbook, mai taushi, har da babban gogen nan na Turawa a ciki, yana tuhumar kansa da abokan tafiyarsa. Frank Turner na Ingila ma haka ya yi bayan ƙungiyarsa Million Dead ta rabu a 2005. Ashe hanya ce da aka daɗe ana bi, kuma tsakin da saurayinmu ya yi, an yi irinsa a can tun kafin a haife shi.

To, me ya sa Mdou ya sauke murya? A ranar 26 ga Yuli, 2023, sojoji suka kifar da gwamnatin Mohamed Bazoum. A lokacin shi da abokansa suna Amurka wajen wasa. Aka rufe iyakoki, hanyar gida ta toshe. Mu nan mun san abin da ya biyo baya, domin a idonmu aka rufe iyakar Illela da Birnin Ƙonni, motocin kaya suka yi layi, Nijeriya kuma ta yanke wutar da take ba Nijar, ba a sassauta ba sai a Maris na 2024. A cikin wannan hali na baƙunta ta dole suka shiga ɗakin ɗaukar waƙa a Brooklyn, suka sake rera waƙoƙin Funeral for Justice da kayan kiɗa marasa lantarki. Shi ne faifan Tears of Injustice da ya fito a Fabrairun 2025, wanda ƙanenmu ya kunna mana.

Yanzu muna tambayar saurayinmu: wace kalma aka cire? Waƙar da aka yi wa Faransa tana nan da sunanta. Kukan harshen Tamashek yana nan. Mutumin da aka saya baitinsa yake canjawa, ba tsirkiyarsa ba. Kuma ba yau Mdou ya fara zama shi kaɗai ba, tun 2017 ya yi faifan Sousoume Tamachek, inda shi ya kaɗa komai ya rera komai, tun Turawa ba su gama saninsa ba. Wa ya saye shi a lokacin?

In ƙarar sauti ce shaidar gaskiya, to, ai babu masu gaskiya a ƙasar nan kamar mawaƙan siyasa. Wa ya kai su ƙara? Lokacin zaɓe kowa na ganin motocinsu a hanyar Sakkwato zuwa Jega, an ɗaure musu lasifika kamar rumbu, suna ratsa Boɗinga da Shagari har jariri ya farka a goye. Bana a wasa wannan, baɗi a zage shi a wasa abokin gabarsa, da kiɗa ɗaya, da amshi ɗaya, suna kawai aka sauya. Waɗannan ba wanda ya taɓa cewa sun yi sanyi. Sai wanda ƙasarsa ke cikin duhu, ya zauna da katako a cinya yana kuka da ita, shi ne za a ce an saya?

Shi kuma dattijonmu, da girmamawa muke cewa, Baba, yabon nan naka bai fi zagin yaron nan alheri ba. Kai ka ji daɗi ne don kana zaton bakin da ke faɗa ya mutu. Akwai masu son makaɗi ya yi laushi don su samu barci, su kira abin al'ada, su rataye shi a bango kamar tsohuwar garkuwa. Alhali kuwa makaɗin da ke zaune shi kaɗai a ƙasar Hausa bai taɓa zama abin ado ba. A duba Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Kuntiginsa tsirkiya ɗaya gare shi, ba 'yan amshi, ba 'yan ma'abba. Da wannan ɗan abin ya yi wa karen mota waƙa lokacin da wasu ke layi a ƙofar masu kuɗi, ya shiga tsakanin miji da mata ya faɗa wa kowa laifinsa, ya yi wa ɗan Adam tankaɗe da rairaya. A duba Haruna Uji da gurminsa. Makaɗin fada yana da sarki a bayansa, mai ƙungiya yana da amshi da zai rufe masa ɓaraka. Wanda yake shi kaɗai ba shi da maɓoya. In baitin banza ne, kowa zai ji banza ne. Hausawa suka ce ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Mu mutanen wannan yanki ma bai kamata a koya mana wannan ba. Ba muna gwama malamai da makaɗa ba ne, Allah ya kiyashe mu, amma tarihi darasi ne. Bayan ƙurar yaƙi ta lafa, Shehu Usmanu a Sifawa ya zauna, nan kusa da mu, yana karantarwa yana rubutu har 1815. Ƙanensa Malam Abdullahi, wanda ya zauna a Boɗinga, tun a tsakiyar jihadi ya juya ya dubi jama'arsu, ya ga son duniya ya fara shiga, ya yi waƙoƙin da ya zarge su a ciki, suna nan a littafinsa Tazyinul Waraƙat. Wa zai ce wannan ja da baya ne? Yi wa abokin gaba tsawa abu ne da kowane yaro zai iya. Juyowa ka dubi naka, ka dubi kanka, shi ne aikin manya. Haka nan Alhaji Shehu Shagari yana malamin makaranta ya rubuta Waƙar Nijeriya a 1948, ba kalangu ba kotso, ta shiga kunnen ɗalibai ta zauna.

Kada a fahimce mu a baibai. Ba mu ce taushi ya fi zafi ba. Akwai ranar da magana ba ta jiyuwa sai da tsawa, kuma mu ma jitar lantarkin Mdou tana tayar mana da tsigar jiki. Mun kuma yarda akwai mawaƙan da suka yi laushi don ciki ya cika, suka koma waƙar furanni da idon budurwa. Abin da muke cewa shi ne a gyara ma'auni. A tambayi mawaƙi: me ka faɗa, wa ka faɗa wa, wa ya biya ka? Ba a tambaye shi girman lasifikarsa ba.

A ƙarshe, laifin da ya fi ci mana rai namu ne. Yaron nan ya zo Sakkwato a 2008, abin da muka iya ba shi na'urar lanƙwasa murya ce. Duniya kuwa da ta tashi nemansa, yatsunsa ta nema da kukan tsirkiyarsa. Yau a garuruwanmu yaro nawa ke koyon gurmi ko molo ko garaya? Duk wanda ya ji yana da murya sai ya ruga wurin mai fiyano da kwamfuta, a zaɓa masa kiɗa kamar ana zaɓen hula a kasuwa. Tsofaffin da suka iya suna mutuwa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya ɗauki muryarsu. Mu marubuta kuma muna can muna gardamar ƙafiya da amsa-amo, waƙoƙinmu na kwance a akwati ɓera na ci.

Saboda haka muna kira ga 'yan ƙungiyar nan, kowa a reshensa. Ka nemi mai gurmi ko mai kuntigin da ya rage a garinku, ka zauna da shi, ka ɗauki waƙarsa ko da wayarka ce, ka rubuta tarihinsa ka aiko wa wannan mujalla. In kana da rubutacciyar waƙa mai ma'ana, ka ba shi ya gwada ta a tsirkiya. Masu gidajen rediyo su ma su ware wa irin waɗannan ko da rabin awa a mako. Shi kuma ƙanenmu mai tsaki, mun yi masa alkawari a zama na gaba za mu sake kunna waƙar, a nemo Ba'azbine ya fassara mana baiti-baiti, sa'annan ya nuna mana inda aka saya. In ya nuna, za mu dawo wannan shafi mu ba shi haƙuri a gaban kowa.

Allah ya ba mu kunnen jin gaskiya ko da a raɗa aka faɗe ta. Wassalam.