Yaron da bai taɓa ganin kogi ba, ta yaya zai kare shi?

A zangon karatun da ya wuce ina koyar da 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare darasin kogunan Gana. Na zana taswira a allo, na ja Farin Volta da Baƙin Volta da Oti, na nuna inda suke haɗuwa su zama tafkin Volta. Yaran sun haddace tsaf, har da sunan madatsar Akosombo. Sai na ce duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin Farin Volta ya ɗaga hannu. Hannu uku na gani, kuma duka ukun 'ya'yan manoma ne masu gona a kwari. Alhali kogin nan yana ƙasan dutsen Gambaga, zuwa bakinsa bai kai nisan zuwa Walewale ba.

Wata yarinya a layin baya ta ce, "Malam, shi ne ruwan da yake cinye gonaki in an buɗe Bagre?" Na ce shi ne. Iyakar abin da ta sani game da kogin ƙasarta ke nan: yana cin gona, yana cin mutum.

Tun ranar maganar take damuna. Ra'ayina shi ne lokaci ya yi da makarantunmu za su riƙa kai yara bakin ruwa, su shiga kwalekwale, su kwana ɗaya a gaɓa, da shiri da tsari. Na san abin da wasu za su ce: "Kai Malam, wannan ai wasan Turawa ne, mu da muke neman na cefane." Ku ɗan saurare ni.

Tsoron ruwa da muka gada yana da dalili. Shekaru da yawa kwarin Farin Volta da na Jan Volta sun zama kufai saboda wani ɗan baƙin ƙuda da yake haihuwa a inda ruwa ke gudu da ƙarfi. Cizonsa yana saka tsutsa a jiki, tsutsar kuma tana kai ga makanta. Ƙauyuka sun tashi sun koma tudu, aka bar ƙasa mai albarka ba kowa. Sai a 1974 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara babban shirin yaƙi da cutar a Yammacin Afirka, ana feshi a koguna, daga baya aka kawo maganin Mectizan ana rabawa kyauta. Kakar da take cewa "kada ka je kogi" ta ga makafin garinsu ne da idonta. A kan wannan kuma ga ruwan da ake saki daga madatsar Bagre ta Burkina Faso kusan kowane watan Agusta ko Satumba, ga kututturan itatuwan da suka rage a tsaye cikin tafkin Volta, waɗanda jirage suke karo da su. Duk wannan gaskiya ne.

Sai dai mu Hausawan ƙasar nan ta bakin ruwa muka shigo ta. Fataken da suka baro Kano da Katsina zuwa Gwanja neman goro sun ƙetare Kwara, sun bi ta Yendi suka sauka Salaga, goron da suke saya kuma ta mashigar Yeji yake ƙetarowa daga ƙasar Asante. Sun san masu fito, sun san watan da kogi ke ba da hanya da watan da yake hanawa. Bayan yaƙin Salaga na 1892 da yawansu sun koma Kete-Krachi, a bakin Volta, inda Malam Alhaji Umar ya zauna yana karantarwa har ya rasu a 1934. Tsohon garin nan yanzu ruwa ya rufe shi, tun da aka gama Akosombo a 1965, tafkin ya mamaye fili kusan murabba'in kilomita 8,500, aka tashi mutane wajen 80,000. Yaron Salaga da ya hau jirgin fito daga Makango zuwa Yeji, a kan hanyar kakanninsa yake tafiya. Wa ya taɓa gaya masa?

Ni kaina ban fahimci wannan ba sai da wani hutu mu huɗu, abokan karatu tun kwalejin horon malamai, muka haɗa kuɗi muka je Wechiau, yamma da garin Wa. A can Baƙin Volta shi ne iyakar Gana da Burkina Faso, kuma can ne ɗaya daga cikin wurare biyu da dorina ta rage a ƙasar nan. Ɗaya wurin shi ne Bui, wanda madatsar da aka gama a 2013 ta cinye wani sashe na gandunsa. Da sassafe aka ba kowa rigar kariya, muka shiga kwalekwalen katako. Matuƙin ɗan ƙauyen ne, yana tuƙi a hankali kusa da gaɓa, yana magana ƙasa-ƙasa. Shi ya fara ganin kunnuwan dorina a saman ruwa, mu sai da ya nuna da haɓarsa. Ya tsayar da jirgi nesa, ya ce nan ne iyaka, ba a matsa wa uwa mai ɗa. Wallahi zuciyata ta buga. Da dare muka kwana a kan wani dandamalin katako a bakin kogin, cikin gidan sauro, muna jin gurnaninsu sun fito kiwo. Da asuba muka yi salla hazo na tashi daga ruwa. Shekara nawa ina koyar da "muhalli" a allo, ranar na san abin da nake koyarwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda aka kafa wurin. Sarakunan yankin ne da jama'arsu, a ƙarshen shekarun 1990, suka zaɓi su riƙe gaɓar kogin da kansu, tsawon kusan kilomita 40. Suka hana farauta da noma a bakin ruwa, kuɗin da baƙi suke biya yana komawa ƙauyuka. An samu rijiyoyin burtsatse da fitilu masu aiki da hasken rana da makarantu, mata kuma suna sayar da ƙwarar kaɗanya da daraja saboda dajin ba a yi masa feshi. A 2008 wurin ya samu lambar yabo ta Equator daga Majalisar Ɗinkin Duniya. Wanda ubansa ya yi farautar dorina, yau shi ne yake cin abinci da ranta.

A gwada wannan da abin da ya faru a gandun Digya, a gaɓar tafkin Volta, cikin watan Afrilun 2006. An tashi masunta da iyalansu daga cikin gandun, aka loda su a jirgi fiye da ƙima, jirgin ya kife, aka rasa rayuka. Gandun yana da doka a bayansa, amma mutanen da suka binne 'yan uwansu, da wane baki za a ce musu su ƙaunaci namun daji? Kare daji da bulala yana tsayawa ne iyakar inda idon mai gadi ya kai. Wanda ya san kogin, yake kuma da rabo a cikinsa, shi ne yake tsare shi ko da dare. Ita ma gwamnati ta gane haka, shi ya sa sashen kula da namun daji ya ɓullo da tsarin CREMA, inda al'umma ke riƙe da dajinta da izinin hukuma.

To mu nan Gambaga fa? Muna da gandun daji a gabas da yammacin dutsen, amma kowa ya ga motocin da suka riƙa fita da gungumen madobiya zuwa tashar Tema, duk da hanin da gwamnati ta sha yi. Buhunan gawayi suna jere a bakin titi, wasu daga kaɗanya aka yi su, itacen da iyayenmu mata suke ci da shi. Tsarin da Hukumar Albarkatun Ruwa ta fitar ya ce a bar fili tsakanin gona da babban kogi, daga mita 10 har zuwa 60, amma ana noma har bakin ruwa. Idan aka sare itatuwan gaɓa, ƙasa tana zaizayewa cikin kogi, kogi ya cike da yashi, ruwan Bagre ya zo ya rasa wurin zama sai gona. Ga masu zuba guba don kamun kifi, ga galamsai da ke dagula ruwa. Waɗanda suke wannan aikin 'yan uwanmu ne, wasu ma na koyar da ƙannensu. Yaran da ke gabana yau, nan da shekara goma sha biyar su ne 'yan majalisar gunduma, su ne masu ba da izini, su ne direbobin motocin katako. Mutumin da kogi ya zame masa layi a taswira kawai, ba zai ji komai ba ranar da aka ce masa ya sa hannu a sayar da gaɓarsa.

Kuma ku duba yadda muke yawon buɗe ido na makaranta. Iyaye su tara kuɗi, a cika bas, a kwana a hanya zuwa Kumasi ko Cape Coast, a ɗauki hoto a dawo. Ba laifi, tarihin can ma namu ne. Amma da kaɗan daga cikin kuɗin za a yi kwana ɗaya a ruwan gida. 'Yan Yendi suna da Daka, wanda garin yake sha, suna da Oti. 'Yan Salaga suna da tafki a Makango. 'Yan Bawku, Allah ya zaunar da garin lafiya, suna da Farin Volta a hanyar Zebilla, gaba kaɗan kuma ga dajin Tilli inda giwaye suke ratsowa daga Burkina. Wanda yake da hali ya je gandun Mole, inda mutanen ƙauyen Mognori suke zagayawa da baƙi a kwalekwale, a biya ta masallacin Larabanga a hanya.

Na kai maganar taron iyaye da malamai. Wani dattijo ya miƙe ya ce, "Malam, in ɗana ya nutse, me za ka ce mini?" Na ce, "Baba, tambayarka ita ce gaba da komai, kuma in ba a cika sharuɗɗa ba ni ne farkon wanda zai ce a fasa." Ga sharuɗɗan kamar yadda nake ganinsu. A tafi da rani kawai, daga Disamba zuwa Maris, lokacin da ruwa ya kwanta. Ba wanda zai taka jirgi ba rigar kariya, har malamin. Matuƙi ya zama ɗan wurin, wanda sarkin garin ko shugaban masunta ya yarda da shi. Kada a cika jirgi, kada a tuƙa da dare ko cikin iska. Ba wanka ba iyo, saboda tsargiya da kada. A ɗauki ruwan sha daga gida da gidan sauro. Duk ledar da aka je da ita a dawo da ita, wutar girki a kashe ta da ruwa kafin a tashi.

Waɗanda suka daɗe a wannan harkar ma da doka suke yin ta. A arewacin jihar Minnesota ta Amurka akwai wani daji mai tafkuna fiye da 1,000 a kan iyakar Kanada, inda mutane suke kwanaki suna tuƙi suna kwana a tanti. Sai da takardar izini ake shiga, ayari ba ya wuce mutum 9 da jirgi 4, kuma an hana shiga da abincin gwangwani da kwalba. Ƙanƙantar ayarin ita ce take kare dajin, ita ce kuma take sa jagora ya iya ƙirga mutanensa da ido ɗaya. Mu ma kada mu kwashi aji guda. Yara takwas ko goma, malamai biyu, uba ɗaya.

Sai maganar 'yan mata, wadda na san tana zukatan iyaye ko ba su faɗa ba. A yi musu tafiyarsu daban, da malamai mata da uwa ɗaya ko biyu, in kwana ya yi nauyi a je a wuni a dawo kafin magariba. Kada dai a bar su a gida. Su ne suke ɗebo ruwa, su ne suke tsintar kaɗanya, su ne farkon masu wahala in rafi ya ƙafe.

Kuɗin rigunan kariya shi ne babban cikas, kuma ba ya fi ƙarfin gunduma ba. Idan majalisar gunduma ko ƙungiyar matasan zango ta sayi guda goma sha biyu, makarantu za su riƙa aro bi da bi, shekara da shekaru. Masuntan da za su tuƙa mu su ma su samu na goro, su ga cewa kogi mai rai yana kawo baƙo.

Ina roƙon shugabannin makarantu da sarakunan zango da iyaye su zauna a kan wannan kafin ranin bana ya wuce. Ni dai na fara da ajina. Iyaye shida sun amince, cikinsu har da mahaifin yarinyar nan ta layin baya, da sharaɗin matarsa za ta bi mu. Na ce madalla. In Allah ya kai mu Janairu za mu gangara dutsen, kowane yaro da littafinsa, ya rubuta sunan kowane itace da kowane tsuntsu da matuƙi ya gaya masa, da Mampruli da Hausa.

Allah ya tsare mana yaranmu, a tudu da ruwa.