Allurar kotizon da gaggawar komawa filin golf

Akwai shawarar da ke yawo tsakanin 'yan wasan golf, wadda ta fi ciwon da ake neman magancewa illa. Da zarar gwiwar hannun mutum ta fara zogi har riƙon sanda ya gagare shi, sai abokan wasa su ce ya je a yi masa allurar kotizon, kafin mako ya zagayo ya dawo fili. Gaskiya ce, yakan dawo. Abin da ba a gaya masa shi ne halin da hannun zai kasance bayan shekara guda.

Ciwon ba a cikin gaɓar yake ba. Tsokokin da ke lanƙwasa wuyan hannu da masu miƙe shi duk suna ɗaure da ƙashin gwiwar hannu ta wasu jijiyoyi, na farko ta ciki, na biyun ta waje. Yawan damƙe sanda da dukan ƙasa ne ke sa zaren jijiyar ya riƙa tsintsinkewa kaɗan-kaɗan, fiye da yadda jiki ke iya gyarawa. An daɗe ana ɗaukar abin a matsayin kumburi, amma da aka duba irin waɗannan jijiyoyi da madubin likita sai aka tarar lalacewa ce ta fi yawa. Kotizon kuwa maganin kumburi ne. Yana kashe zafin, ya bar ɓarnar inda take.

A 2002 mujallar Lancet ta buga wani bincike da aka yi a Holan kan mutane 185 masu ciwon ɓangaren waje. Bayan mako shida, kashi 92 cikin 100 na waɗanda aka yi wa allura sun samu sauƙi, alhali masu gashi da motsa jiki kashi 47 ne kawai. Wannan shi ne adadin da ke ruɗin mutane. Bayan mako 52 lamarin ya juye: masu allura sun sauko kashi 69, masu gashi sun kai 91, har waɗanda aka ce su jira kurum sun kai 83. Wato zaman jira ya fi allurar amfani. A 2013 masu bincike a Brisbane ta Ostireliya suka gwada kotizon da allurar ruwan gishiri, aka buga sakamakon a mujallar JAMA. Ciwon ya dawo wa kashi 54 na masu kotizon cikin shekara, ya dawo wa kashi 12 na masu ruwan gishiri. Wani zai ce ai wannan ciwon 'yan tanis ne. Suna ne kawai. 'Yan golf da yawa, musamman waɗanda ba sana'arsu ba ce, a ɓangaren wajen yake kama su, a hannun da ke gaba wajen bugu.

Masu kare allurar sukan kawo hujjar ƙwararru, wai su ma da ciwo suke wasa. To, a duba ƙwararrun. Mike Weir ɗan Kanada, wanda ya ci gasar Masters a 2003, ya ji rauni a gwiwar hannunsa na dama a 2010, ya ci gaba da wasa watanni kafin ya dakata. Ya dawo a farkon 2011, wasan bai yi kyau ba, daga ƙarshe sai da aka yi masa tiyata a shekarar. A 2012 babu gasar PGA ko ɗaya da ya tsallake zuwa kwanaki biyun ƙarshe. Tiger Woods kuwa, da gwiwar hannunsa na hagu ta matsa masa a gasar US Open ta 2013, ya janye daga gasar AT&T National wadda gidauniyarsa ke cin moriyarta. Ya yi kusan wata bai shiga gasa ba, ya dawo a Muirfield ya zo na shida, a watan Agusta kuma ya lashe gasar Bridgestone da tazarar bugu bakwai. Raunin nasu ba ɗaya ba ne, na Weir ya fi tsanani. Amma idan mutumin da ke da likitoci a gefensa da miliyoyin daloli a gabansa ya ajiye sanda, ina dalilin ma'aikacin da ke buga wasan Asabar zai ƙi ajiyewa?

Hutu kaɗai ma bai isa ba, domin jijiyar da ba ta ɗaukar nauyi ba ta ƙarfi. Abin da masu gashi ke koyarwa shi ne a riƙe ɗan ƙarfe mara nauyi, a ɗaga wuyan hannu, a sauke shi a hankali, kullum, ana ƙara nauyin cikin makonni. Sai hannu ya iya murɗa marfin kwalba da ɗaukar buta ba zafi, sannan a koma ga sanda, a fara da turin ƙwallo kusa da rami, a bi da gajeren bugu, a bar babbar sandar nesa zuwa ƙarshe. Ramuka tara su riga sha takwas. Idan zogi ya kwana har washegari, an yi sauri, sai a koma matakin baya. Wannan na iya cin wata uku, wani lokaci shida ko fiye, kuma nan ne haƙurin yawancin mutane ke ƙarewa.

Mai wasa a Kano ko Kaduna yana da ƙarin abin lura. Da rani ƙasa takan ƙeƙashe, duk bugun da ya ci ƙasa kafin ƙwallo sai girgizarsa ta bi sanda ta sauka a kan jijiyar da ke warkewa. A makonnin farko gara ya ɗora ƙwallon a kan tsinke ko da a wurin atisaye ne, ya kuma sa a ƙara wa mariƙin sandarsa kauri don damƙar ta sassauta.