Gure: wa za a tambaya idan rairayi ya cinye dausayi?

Gure, mai nisan kimanin kilomita 160 gabas da Damagaram a kan hanyar Diffa, ya daɗe da sanin mulki. Nan ne fadar masarautar Muniyo lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya yada zango a 1852. Arzikin yankin yana cikin kwaruruka masu dausayi, inda ake samun dabino, kanwa da kayan lambu. Yau tuddan rairayi na binne su sannu a hankali.

Tsayar da rairayi aiki ne na shekaru: a kafa shinge, a dasa itatuwa, a tsare su daga dabbobi. Sai da hukumar da talaka zai iya tambaya ina kuɗi suka shiga. Amma a watan Afrilun 2024 gwamnatin soja ta rusa zaɓaɓɓun majalisun ƙananan hukumomi, ta naɗa kantomomi, waɗanda ba ƙuri'ar kowa ta kawo su ba.

Kafin a koma zaɓe, ya kamata kantoman Gure ya riƙa bayyana kasafin kuɗi a bainar jama'a. Matasa da 'yan ci-rani masu aiko kuɗi gida, ku nemi ganinsa. Haƙƙinku ne.