Takardar Koke Zuwa Ga Shugaban Hukumar Ƙididdiga Ta Ƙasa

Daga wasu 'yan kasuwar hatsi,
Kasuwar Dawanau, Kano.

Zuwa ga Shugaban Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa,
Abuja.



Ranka ya daɗe, masu wannan takarda dillalai ne da masu shaguna da masu awo. Gero da dawa da masara da wake da riɗi ta hannunmu suke bi zuwa Legas da Fatakwal, da Maraɗi da Damagaram. Kukanmu shi ne, alƙaluman da gwamnati da bankuna da masana suke gina shawarwarinsu a kai ba su yi kama da kasuwar da muke wuni a cikinta ba, kuma idan sun fito ba a waiwayarmu da su.

A rahoton ƙarshen 2020 hukumarku ta ce marasa aikin yi a Najeriya sun kai kashi 33.3 cikin ɗari. A rahoton farkon 2023 sai adadin ya koma 4.1. An ce an bi sabon tsarin Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ne, inda duk wanda ya yi aikin samun kuɗi na awa ɗaya a mako ake lissafa shi cikin masu aiki. Ba mu ce kun ƙaga ba. Amma a zo ƙofar kasuwarmu da hantsi a ga samari majiya ƙarfi zaune a gindin tirela suna jiran a kira su sauke kaya. Wanda ya samu ɗaukar buhu goma ranar Litinin, bai sake samun ko sisi ba har Juma'a, a takarda yana da aiki. Matarsa dai ta san gaskiya. Haka aka yi da hauhawar farashi: kashi 34.80 a Disambar 2024, sai 24.48 a Janairun 2025, bayan an sauya shekarar da ake auna farashi da ita. Masana sun gane cewa ma'auni aka canza. Mai sauraron rediyo a Dawakin Tofa kuwa abin da ya ji shi ne wai kaya sun sauka cikin wata guda, sai ya yi tsaki ya daina yarda da duk wani adadi da ya fito daga Abuja. Wannan rashin yarda asara ce gare ku, asara ce gare mu.

Inda abin ya fi ci mana tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake ɗibar bayanin tun daga tushe. Masu bincike suna zuwa mana daga jami'o'i da ƙungiyoyi iri-iri, da 'yar kwamfuta a hannu, tambayoyin an tsara su da Turanci, yaro yana juya su yadda ya iya. Za a tambayi Alhaji ribarsa ta wata. Wane ɗan kasuwa ne zai faɗi ribarsa ga baƙo, a gaban yaran shagonsa, alhali yana zargin masu haraji ne suka turo? Zai rage, ko ya ce sai godiyar Allah, a rubuta abin da aka ga dama. Dokar ƙididdiga ta 2007 ta hana a bayyana sirrin wanda ya ba da amsa, amma wa ya taɓa bayyana mana haka da Hausa? Za a tambaye mu farashin kilo, mu kuwa da tiya da mudu da buhu muke ciniki, kuma cikar buhun wannan gari ba ita ce ta wancan ba. Za a tambaye mu ko muna da bashin banki, mu ce a'a, a rubuta cewa ba mu da hanyar samun jari. Alhali kaya na miliyoyi suna fita daga shago a kan amana, a biya bayan an sayar, ga adashi, ga uban gida da ke yaye yaronsa da jari. Matan da ke sayen gyaɗa suna matse mai da ƙuli-ƙuli a cikin gida kuwa, namiji mai tambaya iyakarsa zaure.

Mun ga abin da rashin sanin kasuwa ke haifarwa lokacin canjin takardun kuɗi. Babban Banki ne ya yanke hukuncin a Oktoban 2022, ba ku ba. Amma da akwai sahihin bincike a gaban masu mulki kan yadda ake sayen hatsi a kasuwannin ƙauye, inda babu banki, sabis ɗin waya ma sai an laluba, manomi kuma ba ya sakin buhunsa sai ya ƙirga kuɗi a hannu, da wuya a sa 31 ga Janairu, 2023 a matsayin wa'adin daina karɓar tsofaffin kuɗi. Sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Maris, bayan ciniki ya riga ya tsaya cik.

Don haka muke roƙon a riƙa fitar da taƙaitaccen bayanin rahotannin farashin abinci da na aikin yi da Hausa, a karanta a gidajen rediyo, kuma duk lokacin da aka sauya ma'auni a faɗa ƙarara, a ajiye tsohon adadi kusa da sabo. Ku da kanku kun ce sama da kashi 90 na masu aiki a ƙasar nan sana'ar da ba ta da rajista suke yi. To a zauna da shugabannin kasuwanni kafin a tsara tambayoyin da za a yi musu, a ƙara mata cikin masu shiga gidaje. Muna kuma neman ku jawo hankalin jami'o'i da ƙungiyoyi, duk wanda ya ɗebi bayani a kasuwa ya dawo ya karanta wa mutanen abin da ya samo. Idan za ku turo wakili, shugabannin sassanmu a shirye suke su zagaya da shi rumfa-rumfa.

Allah ya taya riƙo, ya sa a gama lafiya.

Naku,
A madadin 'yan kasuwar hatsi da suka sa hannu.